Ramin da Na Huda a Sandar Tuƙin Baba

Litinin, 4 ga Maris

Kwali ya zo a jirgin ruwan fasinja na safe. Mijina Marinko da kansa ya je tasha ya ɗauko, ya shigo da shi a rungume kamar jariri, ya dire a kan teburin kicin, daidai inda nake yanka albasa. Bai taɓa ce min ya sayi wani abu ba.

Abin dogo ne, baƙi, kamar famfon keke da ya yi ƙiba, da maɓallai a bayansa, da wani ƙarfe da ke fitowa ta bakinsa yana komawa. Na tambaya mene ne. Wai na'ura ce mai tuƙa jirgi da kanta. A kafa gindinta a benci, a maƙala bakinta a sandar tuƙi, a danna, sai ta riƙe hanya. Ya ce, "Don ki huta, tsohuwa."

Na ce yaushe na ce masa na gaji?

Jirgin ruwanmu na babana ne. Sunan mamata ya sa masa, Perina. Sandar tuƙin ma Baba ne ya sassaƙa ta da hannunsa, a kanta na koyi tuƙi tun ƙafata ba ta kai ƙasa daga benci. Tun da muka yi aure, shekara talatin da ɗoriya, rabon aikinmu ɗaya ne: ni a baya riƙe da sanda, shi a gaba wajen igiyoyi da zanen da iska ke tura jirgin da shi. Bai taɓa tuƙi ya fi ni ba, ya kuwa sani. Yau an kawo min abin da zai hutar da ni. A cikin kwali.

Laraba, 6 ga Maris

Duk tsibirin ya ji. Na shiga shago sayen burodi, tsohon masuncin nan Barba Roko yana zaune a ƙofa da kofinsa, ya ce, "Neda, an ce kin yi ritaya. An ɗauki sabon matuƙi, ba ya ci, ba ya sha, ba ya faɗa." Mutanen da ke wurin suka yi dariya. Na ce masa in an samu irinta mai kamun kifi ya saya, ko matarsa ta ga kifi a gidan kafin ta mutu.

Luce, ƙanwar Marinko, ta ce in gode wa Allah, wai maza in sun kai shekarunsa babur suke saye ko su bi 'yan yawon buɗe ido. Ta faɗa tana kallon gefe. Ban san me ya samu Luce kwanan nan ba, ba ta haɗa ido da ni.

Da yamma Tihana ta kira daga Zagreb. Ashe ita ta yi masa odar abin ta waya. 'Yar da na haifa. Ta ce, "Mama, ki bar shi ya sa mana, me zai rage ki da shi?" Na ce ta gaida mijinta.

Asabar, 9 ga Maris

Ya kwana biyu yana karanta ɗan littafin da ya zo da abin. Ni bai taɓa karanta fuskata haka ba.

Lahadi, 10 ga Maris

Bayan coci muka sauka wurin jirgi da tef ɗin awo da fensir. Ni ce mai riƙe bakin tef. Ya auna kamar taƙi biyu daga gindin sanda, ya yi alama. Ya auna daga nan zuwa bencin dama, ya sake yin alama. Bencin dama wurin zamana ne. Katakon wajen har ya yi santsi saboda zamana. A nan za a yi rami a dasa wani ɗan kofin tagulla, gindin abin ya zauna ciki, shi kuma ya miƙe a kan wurin cinyata.

Sai ya ce ita ma sandar sai an huda ta, a kafa ƙusa, a kan ƙusar bakin abin zai riƙa kamawa.

Na ce ba mai huda sandar Baba.

Ya ce rami ne ɗan ƙarami, bai kai ƙwayar wake ba. Na ce ya huda goshinsa ya kafa ƙusar a can. Na bar shi tsaye da fensir a hannu na hau gida. Na dafa miyar wake da taliya, na zuba tasa a kwano na rufe, ban jira shi ba.

Laraba, 13 ga Maris

Ya huda benci yau, ramin ya fito a karkace. Marinko! Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ƙera jiragen katako, wanda in ya kafa ƙusa ko da idonsa a rufe ne sai ta miƙe. Kofin tagullar ya zauna a gicciye kamar haƙorin tsoho. Ya ce bakin injin hudar ne ya dakushe. Ya cike ramin da gam, wai sai ya bushe ya sake.

Na ji daɗi. Na rubuta a nan don ba mai gani: na ji daɗi ƙwarai.

Ya kuma fasa kofin shayi da yamma, na biyu ke nan cikin watan nan. Hankalinsa duk yana kan abin wasansa.

Asabar, 16 ga Maris

Bura, iskar arewa mai ƙarfi, tana kaɗawa tun jiya, tagogi sai kuka suke, ba mai sauka bakin ruwa. Muna zaune a ɗaki ɗaya kamar baƙi a tashar mota.

Ya daina sa rigunansa masu maɓalli, sai suwaita ɗaya kullum. Na goge su na jera, ko kallo ba su ishe shi ba. Tsufa da ƙyuya.

Abin da ke cina shi ne, in mutum yana so ya fita teku shi kaɗai, ya faɗa mana. Ya ce Neda, na gaji da bakinki, ina son shiru. Zan ji zafi, amma zan san inda nake. Wannan "don ki huta" ɗin ne ba na so.

Talata, 19 ga Maris

Ya tafi Shibenik da jirgin safe, wai sayen wayar lantarki da fis na na'urar. Ya dawo da na yamma hannu rabbana. Na ce ina wayar? Ya tsaya yana kallona kamar na yi masa wani yare, can ya ce shagon a rufe yake. Ranar Talata.

Na zuba masa abinci. Mace ce? A shekarunsa, da wannan suwaitar? Wace marar aikin yi ce za ta kwashe shi. Amma na kasa cin abinci.

Juma'a, 22 ga Maris

Roko ya ba shi waya. Aikin yau jan ta ne daga batir, ta ƙarƙashin benci, zuwa inda za a kafa soket a bangon baya. Wurin matsattse ne, sai an kwanta an kutsa. Ya ce ni ce siririya, in shiga. Na shiga, ina zaginsa a ciki, ƙamshin dizal da ruɓaɓɓen ruwa a hancina. Na ja waya na miƙo masa.

Da na fito na same shi yana fama da wani ɗan sukuru na soket ɗin. Ya ɗauka, ya suɓuce. Ya sake ɗauka, ya suɓuce, ya gangara ƙarƙashin katako. Ya ɗauko wani. Yatsunsa sun ƙi haɗuwa a kansa. Sai ya kama sukundireban da dunƙulen hannu kamar yaro ya kama cokali.

A nan na kalli hannun. Na dama. Tsakanin babban yatsa da manuni, inda tsoka take a cike kamar ƙwai, yanzu rami ne. Fata ce kawai a kan ƙashi, tana ɗan rawa ita kaɗai.

Kwana muke a gado ɗaya da hannun nan. Yaushe rabon da in kalle shi?

Na karɓi sukundireban na ɗaure sukurun. Bai hana ni ba. Muka tattara kaya muka hau gida.

Lahadi, 24 ga Maris

Ban je coci ba. Na jira ya gama shan kofi, na ce ya ɗora hannuwansa biyu a kan tebur. Ya yi musu kaɗan, sannan ya ɗora.

Tun kaka ya sani. Likita a Split ne ya gaya masa. Jijiyoyin da ke motsa tsoka ne suke mutuwa, ɗaya bayan ɗaya, ba sa dawowa. Hannu ne farko, sauran jiki zai biyo baya. Ba a san ko da sauri ko a hankali ba. Zuwa Shibenik ɗin nan duk asibiti ne. Luce ce ke raka shi. Tihana ta sani tun Kirsimeti, ta zauna a teburin nan ta ci kifin da na soya, tana sane.

Na ce to na'urar fa, me ya haɗa ta da wannan?

Ya ce, "Ba gurbinki za ta cike ba, tsohuwa. Nawa ne. Dole wani ya je wurin zane. In na kasa, ke za ki je, kuma dole wani abu ya riƙe miki sanda kafin ki dawo."

Na ce wa ya gaya masa zan shiga teku ba shi?

Ya ce ya san ni. Wai in aka raba ni da ruwa sai na bushe kamar ɓauren da aka shanya.

Ya zauna shi kaɗai ya tsara min zawarcina, ya auna shi da tef, ya yi odarsa ta waya. Kowa ya sani sai ni. Ni ina can ina murna rami ya karkace. Ya bar ni na yi murnar, yana kallona.

Na ce masa ban yafe ba. Ya ce ya sani.

Litinin, 25 ga Maris

Na yanka masa burodinsa kafin ya zauna, don kada in ga yana fama da wuƙa. Ya lura. Ya ture farantin.

Lahadi, 31 ga Maris

Ista. Tihana ta zo da mijinta. An ci rago da dankali, an fasa ƙwai, kowa yana fara'ar dole. Da aka kwashe kwanuka ta fito da abin da ya kawo ta. Akwai gida a benensu, mai na'urar hawa, kusa da asibiti. Mu rufe nan mu koma can kafin sanyi. Jirgin kuma a sayar tun yana da daraja, mijinta ma ya san wani mai nema.

Na ce in haka ne don me ta saya wa ubanta na'urar? Ta ce don hankalinsa ya kwanta, ya samu abin yi. Wato abin wasa ne ta ba shi, kamar yadda ake ba yaro don ya yi shiru. A gabansa ta faɗa. Shi kuwa yana ta juya cokali da hannun hagu.

Ta biyo ni kicin tana kuka, wai Baba ne ya sa ta yi alkawari ba za ta faɗa min ba. Ta ce, "Mama, shekararki sittin da ɗaya. Ke kaɗai a teku? In kin faɗa ruwa wa zai gani?" Na ce kifaye.

Ba ƙarya ta yi ba. Shi ya fi ba ni haushi.

Laraba, 3 ga Afrilu

Na huda sandar.

Ban gaya masa ba. Na ɗauki injin hudar daga rumfar aikinsa na sauka. Alamar fensir ɗinsa tana nan. Na zauna na daɗe da sandar a cinyata. Wajen riƙon ya yi baƙi, gumin Baba ne a ƙasa, nawa a sama.

Sai ga shi ya biyo ni, a hankali, yana dafa igiya. Ya dubi injin da ke hannuna. Ya ce in fara da ƙaramin baki, in naɗa tef a jikinsa don in san inda zan tsaya, kada in fasa ta ƙasa. Ya tsuguna daga gefe yana duba min ko injin ya miƙe. Hagu kaɗan. Haka. Tafi.

Garin katakon da ya fito fari ne tas, kamar jiya aka sare icen. Har da ƙamshi. Ban zaci cikinta bai tsufa ba.

Na ɗiga gam, na tura ƙusar. Ramin benci ma ni na sake shi, ya fito a miƙe. Ya ce, "Da na san haka da tuni na bar miki rumfar." Na ce ya rufe min baki. Ba don shi na yi ba, kuma ba don na yarda ba. Na yi ne don kada Tihana ta ce abin wasa ne.

Asabar, 6 ga Afrilu

Littafin ya ce kafin abin ya san gabas da yamma sai an yi ta zagaye da jirgi a hankali a ruwa mai kwanciya. Muka fita bakin tasha da inji muna kewaya wuri ɗaya kamar jakin niƙa. Duk masu zaman banza sun jeru a gaɓa. Roko yana ɗaga murya yana tambaya ko mun yar da zobe ne.

Da abin ya yi ƙara alamar ya gama, Marinko ya ce in saita hancin jirgi wajen fitilar tsibirin gaba, in ɗora bakin abin a kan ƙusa, in danna, in saki. Na danna. Sakin ne ya gagare ni. Sai da ya ce min sau biyu.

Na saki. Abin ya yi gurnani, ya tura sandar gaba ɗaya gefe, jirgi ya juya kai tsaye wajen tarun Roko. Na fizge shi daga ƙusar na kama sandata, muka wuce dab da tulun da ke riƙe tarun a saman ruwa. Ashe akwai inda ake gaya masa a wane gefen jirgi aka kafa shi, Marinko ya saita hagu alhali yana dama. Duk abin da ya kamata ya ja, turawa yake.

Marinko ya yi dariya har da hawaye. Rabona da jin dariyarsa tun bara. Ni ban yi ba. Wai wannan ne zan ba amanar raina?

Ya gyara, muka sake. Ya riƙe hanya. Yana tafe yana ƙugi, zuu, zuu, kamar ƙudan zuma a kwalba. Hannuwana ban san inda zan ajiye su ba.

Alhamis, 11 ga Afrilu

An fara makaranta. Shi a bencina, ni a gindin jigo, dogon icen da ake ɗaga zane a kai. Ja wannan. Ba wannan igiyar ba, mai jan launin. Naɗa ta sau uku. Da ƙafa ake ja, ba da baya ba. Hannu ɗaya naki, ɗaya na jirgi. Shekara talatin ina kallon aikin nan daga baya, na ɗauka na iya shi. Zanen ya maƙale a rabi, iska tana marina da shi, tafin hannuna ya sale.

Yana ta magana. In ba na nan, ki fara duba kaza. In ba na nan, kada ki fita in kin ga gajimare a kan dutse. In ba na nan, in ba na nan.

Na saki igiyar, zanen ya zubo a kaina. Na ce, "Ba ka mutu ba tukuna, ka daina raba min gado."

Ya kau da kai wajen ruwa. Abin yana ta zuu, zuu a gefensa. Muka koma da inji.

Litinin, 15 ga Afrilu

Na ce ba zan ƙara fita ba, kuma ban fita ba.

Yau mai sayen ya zo, wanda surukina ya turo. Wani ɗan Sloveniya mai farin takalmi. Ya ƙwanƙwasa jikin jirgin, ya leƙa inji, ya ga soket ɗin ya ce madalla, har da na'urar tuƙi. Ya kama sandar Baba ya girgiza, ya ce wannan sai a canza ta, akwai na zamani marasa nauyi.

Ya juya wajen Marinko zai yi ciniki. Marinko ya nuna ni da haɓa, ya ce ba nasa ba ne, ga mai shi nan.

Na ce wa mutumin jirgin fasinja na ƙarshe yana tashi ƙarfe huɗu, kada ya rasa shi.

Tihana ba ta kira ba. Ni ma ban kira ba.

Asabar, 27 ga Afrilu

Dole in rubuta wannan.

Shi ya roƙe ni. Wai mu je bayan tsibiri kamar da, ni a sanda, shi a zane, ba darasi, ba na'ura. Na yarda, amma na ga ya ɓoye ta a ƙarƙashin benci, na yi kamar ban gani ba. Da safe lafiya lau. Zanen ma tare muka ɗaga, na taimaka masa ba tare da an ce taimako ne ba. Muka ci burodi da cuku da kifin gishiri. Har na manta na ɗan lokaci.

A hanyar dawowa jugo, iskar kudu, ta taso, da wuri fiye da yadda rediyo ya ce. Ruwa ya yi duhu, jirgi ya kwanta gefe, sandar tana ja kamar doki. Dole a rage zane. Kafin in buɗe baki ya tashi ya nufi gaba, yadda ya saba. Ya kwance igiya, ta fizge daga hannunsa, ta tafi. Zanen ya sauko rabi ya cika da iska kamar buhu. Taguwa ta buge mu, ya faɗi. Na gan shi a kwance a gefen da ke nutsewa, ƙafarsa ɗaya a waje, ya rungume jigon da gwiwar hannu domin yatsun ba sa kamawa. Duwatsun Kosa suna gefenmu, iska tana tura mu can.

Bai kira ni ba. Ya dai kalle ni.

In na saki sanda jirgi zai juya, zanen ya share shi zuwa ruwa. In ban saki ba, hannunsa zai saki.

Na jawo abin da ƙafa. Ban san yadda na dasa shi a kofin ba, ban san yadda na cusa wayar a soket ba. Na karkata hancin jirgi wajen iska kaɗan, na ɗora, na danna. Na tafi da rarrafe. Na kama shi ta bel na ja, yana da nauyi kamar buhun siminti, na jingina shi da jigon na naɗa masa igiya a ƙirji. Na hau zanen da jikina duka na danne shi na ɗaure. Duk wannan ina jin abin a bayana yana kururuwa, yana kai jirgin hagu yana dawo da shi dama kamar mashayi. Amma bai bar shi ya juya ba.

Da na dawo baya na cire shi na jefar a benci, na kama sandata. Muka wuce duwatsun.

Marinko ya jiƙe sharkaf, leɓensa ya fashe. Ya zauna a ƙasan jirgi, bai hau benci ba. Sai da muka shiga tasha ya ce, "Tuƙinsa ba kyau."

Na ce ko kaɗan.

A gida na cire masa suwaitar, na goge masa jiki da ruwan zafi. Ya bar ni. Wannan barin ya fi faɗuwar ciwo.

Lahadi, 5 ga Mayu

Ya gwada sauka tsanin gaɓa, ƙafar dama ta ƙi. Ya tsaya a mataki na farko, ya hau da baya, ya ce dama rana ta yi zafi. Yanzu a bencin gaban shago yake wuni tare da Roko. Roko ya daina tsokanata. Na fi son lokacin da yake yi.

Luce ta kawo kek. Na karɓa, ban ce ta zauna ba. Ta zauna.

Lahadi, 12 ga Mayu

Tihana ta kira. Ba ta ambaci jirgi ba, ban ambaci bene ba. Ta ce za ta zo a Yuni ta daɗe. Na ce ɗakinta yana nan.

A coci Fada ya yi wa'azi a kan haƙuri. Hannuwansa biyu lafiya lau, yana ta ɗaga su.

Asabar, 18 ga Mayu

Ba fita na yi ba. Batir ne in ya daɗe ba a tada inji ba sai ya mutu, kowa ya san wannan. Kuma tada inji a ɗaure a gaɓa ɓarnar mai ce. Shi ya sa na kwance igiya. Da na wuce bakin tasha kuma iska tana nan, 'yar sassauƙa daga yamma, ba dalilin ƙona dizal.

Zanen ya hau. Ya maƙale sau ɗaya, na sassauta na sake ja da ƙafa, ya wuce.

Abin yana riƙe da sanda, don haka da na ɗaure igiyar ban koma baya nan da nan ba. Na tsaya a gindin jigon, na juya. Ban taɓa tsayawa a nan jirgi yana tafiya lafiya ba, ba faɗa, ba tsoro. Zanen ya tare gefe ɗaya, hancin jirgi yana bayan mutum. Abin da ke gabanka sosai, in ka jingina yadda Marinko yake jingina, bencin mai tuƙi ne. Ba abin da ake gani kamarsa. Na sha yi masa faɗa ya daina tsayuwa a nan kamar gunki ya dubi hanya.

Na daɗe a wurin. Idona ya yi ta ruwa, iskar gishiri ce.

Da na dawo yana bakin gaɓa, ba a bencin shago ba. Ban san tun yaushe ba. Na jefa igiya, Roko ya cafe. Marinko ya ce yaya? Na ce abin banzan yana yawan kai da komo, sai ya gyara abin da bai ɓaci ba. Ya ce akwai maɓallin da ake rage masa rawar kai, zai nuna min, gobe in gwada.

Na ce ba wata gobe.

Na hau da abin gida na goge masa gishiri, don tsatsa kawai. Rediyo ya ce iskar gobe ma ta yamma ce, mai sauƙi, har la'asar. Ban ce zan je ba. Ji kawai na yi.